Ruwan Lagdo da Takardar Gargaɗi: Wa Ke Riga Wani Isowa?

Da zarar watan Agusta ya raba, magana ɗaya ke yawo a garuruwan bakin kogin Binuwai, daga Yola har Makurɗi: Kamaru za ta saki ruwa daga madatsarta ta Lagdo. Wasu na faɗin ta kamar wata mugunta ce ake shirya wa Najeriya, wasu kuma sun ji ta har ta daina ba su tsoro. Dukkansu sun kauce wa abin da ya kamata a tambaya. Sakin ruwa daga madatsar da ta cika ba zaɓi ba ne, dole ne. Abin tambaya shi ne awa nawa ke tsakanin lokacin da injiniyan Lagdo ya san zai buɗe ƙofa da lokacin da manomin shinkafa a Fufore ya ji labari. Haɗin kan ƙasashe maƙwabta kan ambaliya, idan aka tuɓe masa tarurruka da jawabai, waɗannan awoyin ne kawai.

Madatsar Lagdo tana kan Binuwai, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa. An fara gininta a 1977, aka gama a 1982, wani kamfanin China ne ya yi aikin. Tafkinta na ɗaukar ruwa sama da kubik mita biliyan 7, tana ba da megawat 72 na lantarki, kuma da ita arewacin Kamaru ya dogara wajen wuta. Wannan batu na lantarki shi ne tushen matsalar. Mai kula da madatsar yana son damina ta ƙare tafkinsa cike, domin da ruwan zai juya injuna har ƙarshen rani. Mutumin da ke ƙasan kogi kuwa yana son a bar wa tafkin sarari, yadda idan ruwan Satumba ya zo da ƙarfi za a sami inda za a riƙe shi. Idan aka rage ruwa da wuri a Yuli sannan damina ta tsaya, Garwa da Marwa su kwana a duhu a watan Afrilu. Idan aka riƙe shi damina kuma ta yi yawa, sai a wayi gari tafki ya kai maƙura, a buɗe ƙofofi gaba ɗaya a daidai lokacin da kogin ke cike da nasa ruwan. Ba a warware wannan da zargi. Ana warware shi da jadawalin da ɓangarorin biyu suka sani, wanda ya ce a rana kaza ta wata kaza tafki kada ya wuce tsayi kaza, da kuma hasashen ruwan sama mai kyau da zai ba injiniya ƙwarin gwiwar ragewa da wuri.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son ji a Najeriya. Lagdo ba ita kaɗai ke cika Binuwai ba. Mayo Kebbi, wanda ke fitowa daga Chadi, yana shiga Binuwai a ƙasan madatsar. Kogin Faro ma haka, kusa da iyaka. Babu ƙofar da ke tsare su. Cikin Najeriya kuma Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk suna zuba nasu. A watan Satumban 2024 hukumar NIHSA mai lura da koguna ta sanar cewa Lagdo za ta fara sakin kubik mita 100 a daƙiƙa, a ƙara a hankali har 1,000 cikin kwana bakwai. Kubik mita 100 a daƙiƙa shi ne miliyan 8.64 a yini. 1,000 kuma miliyan 86.4. A Adamawa, inda kogin bai yi girma ba tukuna, wannan ƙari ne da ake gani da ido a gonakin fadama. A Lakwaja kuwa, inda ruwan da ya wuce a ƙololuwar ambaliyar 2012 ya haura kubik mita 30,000 a daƙiƙa, dubu ɗaya ba ita ce ke nutsar da gari ba. Don haka idan aka rufe Lagdo yau, Kogi da Anambra da Bayelsa ba su tsira ba.

Maganar madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ƙaramar hukumar Fufore domin ta tare abin da Lagdo ta saki ta shekara arba'in tana dawowa duk bayan ambaliya. Ba a gina ta ba. Ko da an gina, za ta taimaki Adamawa da Taraba sosai, amma ba za ta taɓa ruwan Donga da Katsina-Ala ba, kuma ita ma ranar da ta cika sai ta saki.

Hanyar da takarda ke bi

Bayan ambaliyar 2012, wadda hukumar agajin gaggawa ta Najeriya, NEMA, ta ce ta kashe mutum 363 ta kuma raba sama da miliyan 2 da gidajensu, Najeriya da Kamaru sun amince a riƙa sanarwa kafin a saki ruwa. Amincewar na nan. Inda ake samun matsala shi ne hanyar da sanarwar ke bi. Daga masu kula da madatsa zuwa hukumomin Yawunde, daga nan zuwa ofishin jakadanci, zuwa ma'aikatar harkokin waje a Abuja, zuwa NEMA, zuwa hukumomin agajin gaggawa na jihohi, zuwa ƙananan hukumomi, sannan hakimi da dagaci. Kowane tebur na iya cin yini, idan kuma ta faɗa ranar Juma'a da yamma sai Litinin. A 2023 wasiƙar da ma'aikatar harkokin waje ta aike wa NEMA tana ɗauke da 21 ga Agusta, alhali NIHSA ta bayyana cewa an fara sakin ruwan tun 14 ga watan. Allah ya taimaka ruwan na waccan shekarar kaɗan ne, aka kuma rufe ƙofar kafin ƙarshen wata.

A auna wannan da tafiyar ruwa. Ko da a ce tudun ruwan yana tafiya mita ɗaya kacal a daƙiƙa, zai ci kilomita 86 a yini, kuma a lokacin cikar kogi ya fi haka gudu. Tsakanin Lagdo da Yola bai kai kilomita 300 ba. Takardar da ta yi mako a hanya ihu ne bayan hari ga mutanen Adamawa, ko da tana da amfani ga na Makurɗi da Lakwaja waɗanda ruwan ke ɗaukar kwanaki kafin ya iso musu.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A bar takardar diflomasiyya ta bi hanyarta domin a ajiye a fayil, amma a buɗe layi na biyu kai tsaye tsakanin ɗakin kula da madatsa da jami'an NIHSA da na jihar Adamawa, da sunayen mutum biyu ko uku a kowane ɓangare da lambobin wayar da ake ɗauka dare da rana daga Yuli zuwa Oktoba. Saƙon kuma ya ƙunshi abin da za a iya aiki da shi: tsayin ruwan tafki a yau, yawan da ke shigowa, yawan da ake saki, yawan da ake sa ran saki nan da awa 24 da 48 da 72, da ƙarfe nawa za a ƙara. Kalmar "za mu saki ruwa nan gaba kaɗan" ba ta gaya wa kowa ko ya girbe shinkafarsa ɗanya ko ya jira. A kuma riƙa turo alƙaluman kullum ko ba a sakin komai, domin wanda ya ga tafki na hawa kwana goma a jere ba ya buƙatar a gaya masa abin da ke tafe. Sanarwar 2024 ta fi ta baya nesa ba kusa ba, saboda ta zo da rana da adadi da jihohi 11 da abin zai shafa.

Sandar awo a bakin kogi

Duk wani hasashe na kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam yana komawa ne kan wani abu mai sauƙi: sandar ƙarfe mai zanen santimita da aka kafa a bakin kogi, da mutumin da ke zuwa safe da yamma ya karanta ya rubuta. A kan kogin Kwara akwai irin waɗannan tashoshi a Kulikoro da Mopti da Ansongo a Mali, da Kandaji da Yamai a Nijar, da Malanbil a Benin, da Jidere Bode a jihar Kebbi inda ruwan ke shigowa Najeriya, har zuwa Lakwaja. A Binuwai akwai Garwa da Wuroboki da Makurɗi. Hukumar Raya Kogin Neja (wato Kwara), wadda aka kafa a 1964 aka sake mata fasali a 1980, mai mazauni a Yamai da ƙasashe tara, ita ke tattara alƙaluman ta fitar da rahoto.

Yamai ce wurin da ya fi nuna amfanin wannan aiki, domin ruwa biyu take gani a shekara. Na farko shi ne jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, jajir da laka. Na biyu shi ne baƙin ruwa na Disamba da Janairu, ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini, ya bazu a fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni kafin ya sauko. Baƙin ruwa yana ba da sanarwar kansa: wanda ya duba alƙaluman Kulikoro a Satumba da na Mopti a Nuwamba ya san abin da Yamai za ta gani. Jan ruwa ba ya jira. Mahaɗar Sirba ba ta kai kilomita 100 daga Yamai ba, don haka gargaɗin da zai yi amfani sai ya fito daga can sama, wani ɓangarensa daga cikin Burkina. Abin mamaki, jan ruwan ya ƙaru a shekarun baya-bayan nan har a shekarun da ruwan sama bai fi na da ba, saboda an sare daji, ƙasa ta daskare ta zama fako, ruwa ba ya nutsewa sai dai ya gangara.

Nijar ta yi wani abu da ya cancanci a kwaikwaya: ta sa matakai a kan sandar Yamai. Santimita 530 gargaɗin rawaya, 580 ruwan goro, 620 ja. A Satumban 2020 ruwan ya kai kusan 700, ya fasa shingen kariya ya shiga Lamorde da Kirkisoy da wasu unguwannin Harobanda, ɓangaren Yamai da ke ƙetaren kogi. Amfanin mataki shi ne a ɗaure kowanne da aiki tun kafin damina: a rawaya a duba shinge a tara buhunan yashi, a ruwan goro a kwashe tsofaffi da marasa lafiya da dabbobi, a ja kowa ya tashi. Idan ba a rubuta wannan ba, ranar da ruwa ya zo sai a zauna taro ana gardama.

Abubuwan da ke lalata wannan tsari ƙanana ne, shi ya sa ba a kula da su. Sanda tana auna tsayi ne, ba yawa ba. Domin a mayar da santimita zuwa kubik mita sai an shiga jirgin ruwa an auna gudun kogi a tsayi daban-daban an zana jadawali. Idan yashi ya cike gindin kogi, kamar yadda ya yi a Yamai da wurare da dama a Binuwai, tsohon jadawali ya zama ƙarya: ruwan da a da yake wucewa lafiya yanzu ya hau unguwa. Ya kamata a sake awon duk bayan babbar ambaliya, amma ana iya shekaru ba a yi ba. Tashoshin zamani masu turo alƙaluma da kansu suna aiki da faifan sola da batir, waɗanda ɓarayi ke so. Tashar da aka kafa da kuɗin tallafi takan mutu shekara biyu bayan ƙarewar aikin don babu wanda ya sa kuɗin batir a kasafi. Mai karanta sanda idan an yi wata shida ba a ba shi ɗan alawus ɗinsa ba, zai zauna a gida ya cike littafi da ka. A yankin Tilaberi da arewacin Burkina da tsakiyar Mali rashin tsaro ya hana zuwa wasu tashoshin gaba ɗaya. Har agogo na iya rikita lissafi: Mali da Burkina suna bayan Nijar da Najeriya da Kamaru da awa ɗaya, kuma rahoton da ya fito da Faransanci sai an sami mai juya shi kafin jami'in Birnin Kebbi ya yi aiki da shi.

Dokoki kam akwai su. Ƙasashen kogin Neja sun amince da kundin ruwa a 2008, na tafkin Chadi a 2012, duka sun wajabta musayar bayanai da sanar da maƙwabci idan haɗari ya taso. Cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974, tana haɗa masana yanayi na yankin duk shekara kafin damina su fitar da hasashe guda. Abin lura shi ne Mali da Burkina da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma suna nan cikin hukumar kogin Neja. Wannan ya sa hukumomin koguna suka zama kusan ƙofar da ta rage a buɗe, kuma duk mai hankali a gwamnatocin yankin zai so a raba alƙaluman ruwa da rikicin siyasa. Ranar da aka rufe gadar Gaya da Malanbil da ke tsakanin Nijar da Benin, kogin bai tsaya ba.

Najeriya ma tana saman wasu

Masu ɗora wa Kamaru laifi sukan manta cewa a wasu kogunan Najeriya ce Lagdon wasu. Kogin Gada ya taso daga ƙasar Katsina, an datse shi a Jibiya, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya komo Najeriya ya haɗu da Rima. Abin da aka yi a Jibiya, riƙewa ko saki, manoman gulbi ne ke fara jin sa, daga baya kuma ya dawo wa Sakkwatawa. Haka Komadugu Yobe: madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano suna kan kogunan da ke haɗuwa su bi ta Haɗeja da Gashuwa da Gaidam, su zama iyakar Najeriya da jihar Difa. A 2019 da 2022 kogin ya cika ya cinye gonakin tattasai da gidaje a Difa, a yankin da dama yake cike da 'yan gudun hijira.

Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta ambaci waɗannan koguna da sunansu, har da Maggiya da Tagwai, kuma akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971. A nan aikin ya fi na Lagdo sauƙi, domin mutanen ɓangarorin biyu harshe ɗaya suke yi, rediyon juna suke saurare, kasuwa ɗaya suke ci. Sanarwar Hausa daga Jibiya za ta iya kai wa Madarunfa cikin minti biyar idan an yarda jami'in madatsa ya kira takwaransa ba tare da jiran izini daga Abuja ba. Izinin nan shi ya kamata a bayar a rubuce tun watan Mayu.

Akwai kuma wani amfani na bayanan maƙwabta da ba a cika magana a kansa ba. Kwara da Binuwai suna haɗuwa a Lakwaja, kuma bala'i mafi girma shi ne ƙololuwar biyun ta iso a mako guda. A 2012 sandar Lakwaja ta kai mita 12.84, a 2022 ta haura 13, shekarar da mutum sama da 600 suka rasu. Binuwai ba ta da babbar madatsa a cikin Najeriya, amma ɓangaren Kwara yana da Kainji da Jebba da Shiroro, yanzu kuma da Zungeru. Idan masu kula da Kainji suna ganin alƙaluman Yamai da Malanbil kullum, za su iya rage tafkinsu tun farkon Agusta, su sami sararin riƙe ruwa a makonnin da Binuwai ke tumbatsa. Wannan na buƙatar a biya kamfanonin wuta diyyar abin da suka rasa ko a tilasta musu da doka, domin su ma lissafin Lagdo suke yi: tafki cike shi ne kuɗi.

Daga sanarwa zuwa tashi

Gargaɗin da ya iso kan lokaci ma yana iya mutuwa a ƙofar gari. Sanarwar da ta ce "mazauna bakin kogi su koma kan tudu" an yi ta sau da yawa ba abin da ya faru, mutane sun daina motsi. Wadda ke aiki ita ce mai suna da lokaci: ruwa zai kai gindin tsamiyar makarantar firamare zuwa jibi da yamma, unguwa kaza da kaza su tafi sakandaren gwamnati, a bi ta hanyar kasuwa don ta gada za ta yanke. Domin a iya faɗin haka sai an yi aiki da rani: a bi gari da dattawa su nuna inda ruwan 2012 da na 2022 suka tsaya, a shafa fenti a bango da turakun wuta, a haɗa kowane zane da lambar da sandar awo ta saman kogi ta nuna a waccan shekarar. Daga nan mai unguwa da liman da sarkin ruwa sun san ma'anar kowace lamba da rediyo ya faɗa.

Mutane kan ƙi tashi ne saboda dalilai masu ƙarfi: hatsi a rumbu, shanu da awaki, tsoron ɓarayi. Shirin da bai tanadi wurin dabbobi da masu gadin gari ba, maza za su tsaya, wani lokaci da iyalansu. Idan kuma aka makara, sai a cika kwale-kwale fiye da kima. Hatsarin jirgin Ogbaru a jihar Anambra a Oktoban 2022, inda mutum sama da 70 suka halaka, masu gudun ambaliya ne. A sansani kuwa abin da ke kashe mutane bayan ruwa ya tsaya shi ne kwalara da zazzaɓin cizon sauro. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne aƙalla lita 15 na ruwa mai tsabta ga kowane mutum a yini da masai ɗaya ga mutum 20, kuma maganin tsarkake ruwa da gidan sauro sai an kai su ajiya tun Yuli, kafin hanyoyi su yanke.

A garuruwan iyaka wannan shiri ba ya yiwuwa ga ƙasa ɗaya. Njamena ta Chadi da Kusiri ta Kamaru suna fuskantar juna a mahaɗar Shari da Logon, kuma a 2022 da 2024 ruwa ya ci su tare. A 2024 Chadi kaɗai ta rasa mutum sama da 500. Shingen da aka ɗaga a gefe ɗaya yana tura ruwa ɗaya gefen, don haka tsayinsa abin shawara ne tsakanin biranen biyu. Tudun da ya fi kusa da wani ƙauye yana iya kasancewa a ƙasar maƙwabta. Abin da ake buƙata a rubuce kafin damina shi ne jerin kayan agajin da kwastan za su bari su wuce ba haraji, da takardar shaidar da motar asibiti da jirgin ceto za su nuna a shinge, da yadda za a bar makiyaya su ƙetara da garkensu a yi musu rigakafi a mashiga.

Sai kuɗi. Kasafin gwamnati kan fito ne bayan an ga gawa a talabijin. Tarayyar Afirka ta kafa tsarin inshorar bala'i na ARC a 2012, inda ƙasa ke biyan kuɗi duk shekara, idan ma'aunin da aka amince da shi ya nuna bala'i ya kai wani mataki a biya ta cikin makonni. Nijar da Senegal da Muritaniya sun karɓi kimanin dala miliyan 26 a farkon 2015 saboda fari. Ambaliya ta fi fari wuyar aunawa daga sama, domin gajimare na rufe hoto a daidai lokacin da ake buƙatarsa, shi ya sa duk wani tsari irin wannan na ambaliya zai dogara da lambar sandar Garwa ko ta Yamai da ƙasashen da abin ya shafa suka yarda da ita. Wasu ƙungiyoyin agaji sun fara sakin kuɗi ga magidanta kwanaki kafin ruwa ya iso, da zarar hasashe ya kai matakin da aka ajiye, domin su yi hayar mota su kwashe hatsi da dabbobi. An gwada hakan a Adamawa, kuma sharaɗinsa shi ne a yi rajistar gidajen da lambobin wayarsu tun kafin ruwan farko ya sauka.